Ƙarfen da Ya Yi Fito

Ƙarfen ya fara fito a cikin wuta, siririn fito, kamar buta ta kusa tafasa.

Tela ya dakata da zuga, ya kasa kunne. Maƙerar tasa ta bayan gida duk tsince-tsince ce: tsohon wilin mota ne murhu, guntun ƙarfen hanyar jirgi ne uwar maƙera, gudumar kuwa a bola ya samo ta. Tun da ya tsiri wannan sha'awa bai ƙera komai ba sai karkatacciyar ƙugiya, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse gadon sana'ar ya yi.

Yau abin dogarawa yake son yi wa Inna, mahaifiyarsa, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Tana zaune a kujera dab da wutar, wai ɗumin yana yi wa gwiwoyinta daɗi. Babu kowa a gidan sai su biyu.

Maƙwabcinsa bakanike ya leƙo ta katanga don ya yi masa tsiyar da ya saba. Nan take dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Tela, me ka saka a wutar nan?"

"Wani bututu ne na tsinta a bayan garejinku."

"Shokozobar mota ce! A toshe take, da mai da iska a cikinta. Fashewa za ta yi! Ku fita!"

Kansa ya ɓace a bayan katanga.

Tela ya zabura. Ya ɗauki awartaki zai cire ƙarfen, sai ƙarfen ya suɓuce ya ƙara nutsewa cikin garwashi. Ya waiwayi bokitin ruwa.

"Kada ka zuba ruwa!" muryar bakanike ta zo daga nesa.

Fiton ya ƙara ƙarfi. Cikin bututun ya soma kumbura.

"Gudu abinka, ɗan nan," in ji Inna. "Ni ai na ci zamanina."

"Inna, don Allah ki yi shiru."

Ya durƙusa ya juya mata baya, ya goya ta. Bai taɓa ɗaukarta ba. Kullum matarsa da ƙanwarsa ke wannan aiki. Da ya miƙe sai ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma wannan ya tsorata shi fiye da ƙarfen. Ya ruga, takalminsa ɗaya ya cire, bai waiwaya ba.

Suna kai wa bakin titi abin ya tashi. Ƙarar ta girgiza ƙofofi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan gidan. Can sai ga ƙafar kujerar Inna ta faɗo a kan rufin kwano, ta gangaro ƙasa.

Maƙwabta suka taru, wata mata ta kawo benci. Tela ya sunkuya zai sauke ta, sai ya ji ta ƙara ƙanƙame wuyansa, zuciyarta tana bugawa a gadon bayansa.

"Bari tukuna," ta raɗa masa. "Ashe ƙarya na yi. Ban shirya ba."