Jiƙaƙƙen Bangon Ƙamus

Ƙamus ake ce masa a layinsu, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin akawu a wani ofis, yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da tabarau biyu da amsar kowace tambaya da ke duniya. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga mutumin da ya ƙera agogon farko, kafin ya iso ga amsar ka makara.

Matarsa tela ce, shagonta ɗaki ne a gaban gidan mai ƙofa ta bakin titi. Kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata, ko da yake 'yan biyun sun girma sun kama aiki a wani gari. Ta daɗe da daina tambayar mijinta komai, sai abin da ba ta damu da amsarsa ba.

Wata safiya tana shara a ɗakin kwanansu ta ga bangon da ke gefen wadirob ya yi duhu daga ƙasa, kamar faɗin faranti. Ta taɓa ta ji sanyi, fentin ya biyo yatsanta.

"Malam, zo ka ga bangon nan, ruwa yake sha."

Ƙamus ya leƙo daga bakin ƙofa da waya a hannu, bai ko sunkuya ba. "Gumi ne," in ji shi. "A ilmance dai, bango yana gumi kamar mutum in zafi ya yi yawa." Ya ɗauko fankar falo ya saita ta tana hura bangon. Sati biyu suna zufa a falo, bango yana shan iska, farantin nan kuwa ya zama tire.

Sai Ƙamus ya sake nazari ya gano cewa ruwan rufin maƙwabci ne ke zubo musu. Ya saka hula ya je ya yi wa bawan Allah lacca a ƙofar gidansa, har mutumin ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Yallaɓai, yau wata biyu ke nan ba a yi ko yayyafi ba." A karo na uku ya ce gishiri ne ya yi yawa a simintin, ya sayo fenti ya shafe wurin da hannunsa, ya ja wadirob ya rufe rabinsa. Kwana biyar fentin ya kumbura, baƙar fumfuna ta fito, zannuwanta na cikin wadirob suka fara wari.

"Don Allah a kira mai gyaran famfo," in ji ta. "Banɗaki ne fa a bayan bangon nan."

"Wane mai gyaran famfo? Mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa daidai ba? Su zo su farfasa min gida a kan abin da na riga na gano?"

Ta tattara zannuwanta ta kai shago.

A makon ne kekenta ya fara tsallake ɗinki. Tana fama da shi wata nas da ta zo karɓar riga ta ce, "Anti, ba kya cikin zauren tambaya? Kawo wayarki." Ta latsa nan ta latsa can, ta saka ta cikin wani zaure mai mutum dubu ba iyaka, waɗanda ba su san juna ba. Kowa na jefa tambayarsa, wanda ya sani ya amsa, wanda bai sani ba ma ya amsa. Nas ɗin ta nuna mata inda za ta taɓa in tana so ta yi tambaya ba tare da sunanta ya fito ba.

Maman 'Yan Biyu ta sha kallo. Wani na tambayar yadda ake fitar da tawadar biro daga farar riga, wata na tambaya ko kifi yana barci, wani yana so ya san dalilin da wayarsa ke zafi kamar dutsen guga. Ƙarƙashin kowace tambaya sai ka ga jerin gwanon masu cewa "Allah ya kawo masana", da masu cewa "nima ina jira", da wani ɗan talla da ke da magani guda na basir da tsatsa da ciwon ido. Amma in ka daure ka gangara ƙasa, wani lokacin ka tarar da mutum ɗaya da ya san abin da yake faɗa. A kan kekenta wata mata ta rubuta mata layi biyu kacal: ta cire allurar ta mirgina ta a kan madubi, in ta yi rawa to ta lanƙwashe. Ta gwada, allura ta yi rawa, ta canza, keke ya koma daidai.

Daga nan ta ɗanɗana. Tambayoyin da ta shekara talatin tana haɗiyewa don gudun lacca ta fara fito da su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sunanta ba. Me ya sa albasa ke sa hawaye? Me ya sa almakashinta ya fi teburin katako sanyi alhali ɗaki ɗaya suke kwana? Wani malamin makaranta ya ce mata sanyinsu ɗaya ne, ƙarfen ne ke saurin janye ɗumin hannunta. Ta daɗe tana taɓa almakashi tana taɓa tebur tana murmushi ita kaɗai.

A ƙarƙashin tambayar albasar ne ta ci karo da mijinta. Ga hotonsa nan da kwat ɗin da ya sa ranar ritaya, ga amsa mai tsawon zani, ta fara da "A ilmance dai". Ya bayyana cewa albasa tana da yaji ɓoyayye da ke bi ta farce ya hau ido. Mutumin da rabonsa da yanka albasa tun yana gwauro. Ta bi zauren ta ga ashe babu tambayar da bai sa baki ba: injin mota, haƙorin jariri, nisan wata, kiwon zomo. Ashe abin da yake yi ke nan tun safe a kujerar falo, yana gyara tabarau yana cewa kada a dame shi yana aiki.

Ranar Talata ta ture wadirob, ta matsa kusa ta ɗauki hoton wurin da ya jiƙe, ta ɓoye sunanta ta rubuta: "Jama'a bangon ɗakina ke jiƙewa wata biyu, kullum ƙaruwa yake, ba a ruwan sama. Banɗaki ne a bayansa. Maigidana ya ce gumi ne, ya hana a kira mai gyara. Mene ne abin yi?"

Kafin ta gama ɗinke hannun riga ɗaya amsa ta haura arba'in. Wani ya ce rijiya ce aka gina gidan a kanta. Wata ta ce ta binciki dangin miji, wannan aikin asiri ne. Wani ya ce ta shafa man juye. Ɗan tallan nan ya iso da maganinsa, ashe har bango yana yi wa aiki. Mutum uku suka kama faɗa da juna a kan ko siminti na da ya fi na yanzu, suka manta da ita gaba ɗaya. Ta ja tsaki ta ci gaba da gangarawa, sai ga kwat ɗin ritaya.

"A ilmance dai, 'yar'uwa," Ƙamus ya rubuta, "ko yaron firamare ya san bango ba ya gumi. Bututu ne ya fashe. Abin takaici shi ne yadda wasu magidanta ke da taurin kai da ƙarancin ilimi, suna zaune gida na rushewa a kansu. Ki gaya wa maigidanki in ji ni ya ji tsoron Allah ya kira ƙwararre yau ɗin nan."

Mutum sittin suka danna masa alamar yabo. Ta cire ƙafarta daga kan keke ta karanta sau uku. Ta ƙofar da ta haɗa shago da falo tana hango ƙeyarsa, ya kishingiɗa yana kaɗa ƙafa, taku bakwai tsakaninsa da bangon.

Can ƙasa akwai wata gajeriyar amsa daga wani wanda hotonsa tsohon babur ne kawai. Rubutun duk a karkace, ba waƙafi ba aya. Ya ce ta rufe duk famfon gidan, kada kowa ya taɓa ruwa, ta je ta duba mitar ruwa. In ƙaramar allurar tana juyawa to ruwa na zuba a cikin bango. Sannan ta rufe makunnin da ke kai ruwa banɗaki ta sake dubawa, in ta tsaya to ta san layin da ya fashe, kada ta bari a fasa mata ko'ina sai nan. Ƙamus har ya riga ya bi ta kansa ya gyara masa rubutun kalma huɗu, ya shawarce shi ya koma makarantar yaƙi da jahilci.

Ta tashi ta bi famfunan ta ƙulle, ta fita tsakar gida ta ɗaga murfin mita. Allura na juyawa a hankali abinta. Ta rufe makunnin banɗaki, allura ta tsaya cak. Ta tsuguna a wurin ta yi wa mai babur addu'a, mutumin da ba ta san fuskarsa ba.

Da suka zauna cin abincin rana ta ce, "Malam, na ga wata baiwar Allah a waya tana kukan bangonta na jiƙewa. Wani ya ba ta amsa, ya wanke mijinta tas."

Ƙamus ya ajiye cokali, fuskarsa ta washe. "Ke ma kina ciki ashe? Ai ni ne! Ni na rubuta. Irin mazan nan ba a raga musu. Ki duba fa, mutum ya ce wai gumi."

"Wallahi kuwa. Sakarci ne ko?"

"Sakarci ma ai kin yi masa ado."

Ta buɗe wayarta ta miƙa masa hoto na biyu, wanda ta ɗauka daga nesa. Ga bangon, ga wadirob, ga hularsa rataye a ƙusa, ga fankar falo tana hura iska. Ya canza tabarau ya sake dubawa. Ya daɗe yana kallo, kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi.

"Hoton farkon ne bai fito da kyau ba," in ji shi daga ƙarshe. "Kuma ba ki kawo bayani cikakke ba. Ba haka ake tambaya ba."

"To. Ni dai an ce in gaya wa maigidana ya kira ƙwararre yau ɗin nan. Na gaya maka."

Bai kira ba, ita ta kira. Shi ma bai hana ba, ya dai ce kansa na ciwo ya shige ɗaki. Washegari mai gyaran famfo ya zo da jakar kayan aiki, wani siririn mutum marar yawan magana. Ta gaya masa gwajin da ta yi, ya dube ta ya ce, "Hajiya, kin rage min rabin aiki." Ya ƙwanƙwasa bangon wuri biyu, ya sa guduma, bulo ya zube kamar jiƙaƙƙen burodi. Ga bututun nan ya tsage a gwiwa, inda ya lanƙwasa, ruwa na tsiyaya siriri.

Jin ƙarar guduma ciwon kan Ƙamus ya warke. Ya fito ya tsaya a kan mutumin, hannu a baya, yana yi masa bayanin yadda ruwa ke matsa wa bututu, da ƙasar da aka fara ƙera famfo, da yadda shi tun farko ya yi zargin gwiwar nan. Mai gyara ya jure har ya yanke tsohon bututun, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Baba, ɗan matsa, kana tare min haske."

Da ya gama ya toshe ramin da siminti ya ce kada a yi fenti sai bayan sati uku, bangon ya sha ruwa har ciki. Ƙofa na rufuwa a bayansa Ƙamus ya ce kwana uku ya isa, waɗannan mutanen ba su san kimiyyar bushewa ba. Maman 'Yan Biyu ta ce to.

Da ya fita sayen buroshi ta ɗauki gwangwanin fentin ta kai shago, ta tura shi ƙarƙashin tebur, ta tula masa ƙyallaye. Kwana uku na cika ya hau nema. Ya birkice kicin, ya leƙa bayan tanki, ya duba ƙarƙashin gado. Daga nan ya zo shagon ya zauna a kan benci, gwiwarsa na gogar tulin ƙyallayen, ya warware mata yadda aka yi: mai gyaran famfon ne ya fita da shi a jakarsa, shi tun shigowar mutumin ya lura da idonsa.

"A'a Malam, kada ka ɗauki alhakin bawan Allah," in ji ta. "A gabana ya fita, jakarsa ko kwalba ba za ta ɗauka ba."

"To maƙwabcin nan ne. Tun maganar rufi yake riƙe da ni."

Ta danna ƙyalle a ƙarƙashin allura ta taka keke da ƙarfi, ƙararsa ta cika shagon. Ta ga bakinsa na ci gaba da motsi, tana gyaɗa kai a inda ya kamata. Sati uku cif gwangwanin ya yi a wurin.