Ranar Kwashe Ganye

Tun da Kadri ya samu takardar zama ɗan ƙasa a ƙasar waje, duk unguwar Stapleton babu wanda ya kai shi sanin doka. Shi ke tura wa mutanen masallaci sanarwar hukumar birni ta waya: yau a kau da mota saboda ƙanƙara, gobe a zuba kwalba a shuɗin bokitin shara, kwali daban. Shi kuwa ko tayar mota bai mallaka ba, jirgin ruwa yake shiga zuwa aiki.

Ranar da aka ce za a kwashe busassun ganyaye, ya fita bayan gida da tsintsiya kamar mai zuwa yaƙi. Ya tarar da ganye baje a kan tabarma, ya ja tsaki. "Irin ƙazantar da ke jawo mana raini ke nan." Ya tattare shi tas, ya ɗura a jakar takarda, ya kai bakin titi, har da ɗaga wa masu motar shara hannu.

Ashe ayoyon matarsa Zuweira ne. Tun watannin zafi take ba shi ruwa a tsofaffin bokitai, ta tsinke, ta shanya don miyar hunturu.

Da yamma ta dire masa gayan tuwo da ruwan wanke hannu.

"Zuweira, ina miya?"

"Ai da hannunka ka miƙa wa hukuma, Baban Jamal. Duba wayarka mana, ƙila sun sanar da ranar dawo da ita."