Hancin Tsinke

Shekara biyu bayan an sauke tutar Faransa, Danda ya dawo Gidan Jatau daga yaƙin Aljeriya da akwatin ƙarfe ɗaya, da ɗingishi a ƙafar hagu, da wani labari da ya ƙi barin bakinsa. Wai a can ya ga karnukan soja waɗanda ake shinshina wa hular mutum, su bi sawunsa ta kan duwatsu har su cim masa. Mutanen garin, wanda ke tsakanin Korgom da Bawdeta, suka ce ai soja ba ya dawowa hannu Rabbana. Wani ya zo da rediyo, wani da taɓin hankali, shi kuwa Danda da tatsuniya ya zo.

Bai tsaya musu da kowa ba. Ya je wurin maharba ya karɓo ɗan kwikwiyo ja, siriri kamar a hura shi ya faɗi, ya raɗa masa suna Tsinke. Liman ya ɓata rai, ya ce kare a cikin gari ba alheri ba ne. Maigari Na Allah, wanda bai son ɓata wa liman kuma bai son ɓata wa mai lambar yaƙi, ya raba gardama. Ya ce karen ya zauna a bakin danga da kaskonsa daban, amma ran da ya ci mutuncin wani a garin nan, ran nan zamansa ya ƙare. Danda ya ce ya ji ya yarda.

Koya wa kare bin sawu aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe igiya, ɗaya ya ɓuya. Mai ɓuyan nan Maharazu ne, aminin Danda tun suna kiwon awaki, kuma mijin ƙanwarsa Furera. Maharazu mutum ne mai daɗin baki, irin wanda in ya zauna a inuwa kowa ke jawo tabarmarsa kusa. Da hantsi yakan bar wa Danda hularsa, ya cika aljihu da ƙuli-ƙuli, ya nausa daji. In an jima Danda ya kara hular a hancin Tsinke, ya faɗa masa kalmar da ya ji sajansu na faɗa, wato "sharshe," ma'ana nemo, ya saki igiya kamu ashirin. Da fari taki goma ne, bayan rumbu. Daga baya ya kai bayan gamjin fadama, da cikin tsohon ramin ƙasa, har wata rana tsakiyar kasuwar Korgom, cikin warin daddawa da ƙafafun mutum ɗari. In Tsinke ya sami mutuminsa ba ya haushi, ba ya cizo. Zama yake yi a gabansa ya kafe shi da ido, har a miƙo masa ƙuli. Danda ya kuma hore shi kada ya karɓi abinci daga hannun kowa sai su biyu, don ya san garin da masu ƙin karen.

Cikin wannan aiki Danda ya koyi karanta karensa kamar yadda manomi ke karanta hadari. In Tsinke ya sa hanci ƙasa, wutsiya ta miƙe sak, igiya ta yi tauri, to aiki yake yi. In kuwa kai na sama, wutsiya na kaɗawa, yawon ganin abokai ne kawai. Ba wanda ya san wannan bambanci sai Danda, domin a hannunsa igiyar take. Mutum ne da ba ya iya hira, matarsa ta rasu yana can, kuma abin da ya gani a yaƙi bai taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Amma an sha ganinsa zaune a bakin danga yana cire wa karen kaska yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Masu dariya suka yi ta yi har ranar da tsohuwa Hajjo, wadda hankalinta ya fara gushewa, ta fita ɗebo itace ba ta dawo ba. Aka ba Tsinke kallabinta. Kafin la'asar ya kai su gindin wata aduwa, nesa da inda kowa ke nema, suka tarar da ita ƙishirwa ta kusa gamawa da ita. Tun daga ranar liman ya daina kau da kai in karen ya wuce.

Shekarun gyaɗa ne. Kowace kaka kamyo, babbar motar kaya, na zuwa daga Tasawa ya kwashi buhuna, kowa kuma ya san in an tsallaka iyaka da ita ta fi daraja. 'Yan koparati, ƙungiyar manoma ta gwamnati, suka sa kowane gida ya zuba kasonsa na iri a babban rumbu ɗaya a ƙofar maigari, a liƙe bakinsa da laka, kada a taɓa sai ruwa ya sauka. A bazarar shekara ta huɗu, ana saura kaɗan a yi shuka, Maharazu ya ce wa Danda sun daɗe ba su yi wasan ɓuya ba, kada karen ya manta. Suka koma yi kusan kullum, kuma wannan karon Maharazu ya fi son ɓuya a cikin gari, inda jama'a za su gani su yi dariya. Danda ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce a ransa aboki ke nan.

Wata safiya aka tashi aka ga an fasa rumbun ta baya. Fiye da rabin irin gari ya tafi. An share sawu da reshe, amma a gindin rumbun an bar gammo, na wani tsohon tsumma da ba wanda ya shaida, jiƙe da gumin wanda ya yi dako da shi. Mata suka ɗora hannu a ka. Maigari ya ce kafin a aika wa gardi, dogaran gwamnati, a Tasawa, a kira Danda da karensa.

Tsinke ya shinshina gammon, Danda ya ce "sharshe," igiya ta yi tauri nan take. Karen bai nufi cikin gari ba. Ya bi ta bayan rumbuna, ya gangara kwari, ya yi kudu har wata tsamiya inda kashin jakai bai gama bushewa ba. Nan ya kewaya sau biyu, ya juyo ta wata hanyar, ta cikin gonaki, hanci ƙasa, wutsiya sak, rabin gari na biye. Da suka doso dangar da Danda ya sani kamar tafin hannunsa, sai ya rage tafiya. Ya ɗan ja igiyar ko karen zai sake shawara. Tsinke ya fizge, ya kutsa ta wata ɓaraka a bayan dangar, ya ratsa tsakar gidan Furera, ya fita zaure inda Maharazu ke zaune yana tufka igiya. Ya zauna a gabansa ya kafe shi da ido.

Sai Maharazu ya kece da dariya, ya sa hannu a aljihu ya fiddo ƙuli.

"Ku dubi ɗan banza, ladansa ya zo karɓa," in ji shi. "Shekara nawa ni yake nema? Ko hular kumandan anka ba shi, wurina za shi taho."

Tsinke ya karɓi ƙulin yana kaɗa wutsiya. Jama'a suka saki numfashi, dariya ta ɓarke, don kowa ya ga wasan nan jiya da shekaranjiya. Danda kaɗai bai yi dariya ba. Yana kallon aljihun nan, yana tambayar kansa abin da ya sa mutum zai tashi da ƙuli a riga ranar da ba su shirya wasa ba. Sai wasannin bazarar nan suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, ya gane cewa tun farko shi da karensa aka yi wa shiri. Da ɗan gari akan ci gari.

Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Danda, kai ka san karenka. Wanga da ya yi, aiki ne ko wasa?"

Furera na tsaye bakin ƙofa da goyo, da muciya a hannu, tana kallon wanta. Danda ya san abin da gardi ke yi wa ɓarawon iri. Ya san za a ɗaure Maharazu a bayan doki a ja shi har Tasawa, ƙanwarsa kuma ta zama matar ɓarawo har ta mutu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya dubi Tsinke, wanda ke lasar baki yana jiran yabo.

"Wasa ne, ranka shi daɗe."

To, daga nan bakin kowa ya buɗe. Aka ce dama Hajjo sa'a ce, aka ce an ɓata wa gari rabin yini ɓarayi na ƙara nisa. Abin da ya fi ƙona ran Danda shi ne, Maharazu ne ya tuna wa maigari sharaɗinsa. Ya ce shi dai ya yafe, amma kare ya jawo gari guda cikin gidansa har gaban iyalinsa, gobe kuma wa ya san gidan wa za shi. Maigari ya yanke cewa a fitar da karen cikin kwana biyu, in an sake ganinsa a kashe.

Da yamma Danda ya tare Maharazu a hanyar rijiya. Bai ɗaga murya ba. Ya gaya masa hanyar da karen ya bi, da tsamiyar, da kashin jakai, ya ce ya sani kuma ya rufa masa asiri saboda Furera. Abu ɗaya ya roƙa, ya koma wurin maigari ya ce a bar karen. Maharazu bai musa komai ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

"In anka bar shi, wata rana wani ya ce a sake gwadawa," in ji shi. "Kare ne hwa, Danda. Kare."

Danda ya tsaya yana kallon bayan mutumin da suka ci tuwo a akushi ɗaya shekara talatin. Ko a yaƙi bai taɓa jin abu ya soke shi haka ba.

Kwana uku suka yi a ƙasa shi da Tsinke, suka bi ta Tasawa har Mayahi, inda Danda ya san wani maharbi mai suna Cindo da ke riƙon karnuka da mutunci. Ya ɗaure Tsinke a turke, ya yi wa Cindo bayanin abin da yake ci da abin da ba ya so, ya ce ya yi haƙuri da shi, ba zai karɓa a hannunsa ba sai yunwa ta koya masa. Karen ya kwanta, don ya ɗauka wasan ɓuya ne, wannan karon ubangidansa ne zai ɓuya. Danda ya juya ya kama hanya bai waiga ba.

Ya dawo ya tarar ruwa ya sauka. Aka raba ɗan irin da ya rage, kowa ya shuka kwatar gonarsa, sauran aka cike da gero. Gardi sun zo sun zagaya sun ci kaji sun tafi. Maharazu ya fara zancen wani kawunsa a Katsina da ya yi alkawarin aiko masa da keke.

Kwana shida da dawowarsa, da hantsi, Danda na gyaran ƙota a bakin danga ya ji numfashi a bayansa. Tsinke ne, da guntun igiyar da ya tsinka a wuya, haƙarƙari a fili, tafin ƙafafu duk jini. Ya bi sawunsa tun daga Mayahi, ta gonakin da ruwa ya wanke. Ya zagayo gaban Danda ya zauna ya kafe shi da ido, kamar yadda aka koya masa ya yi in ya sami wanda ake nema.

Danda ya lalubi aljihunsa bai sami komai ba. Ya durƙusa zai rungume shi, sai ya ga ƙafafun karen na rawa, kumfa na fita ta gefen bakinsa. A gashin haɓarsa akwai ɓarɓashin ƙuli, da jan garin maganin nan da koparati ta raba wa kowane gida don cuɗa iri kada ƙwari su ci. Hanyar Mayahi ta ƙofar gidan Maharazu take shigowa gari. Karen da ya yi kwanaki da yunwa bai karɓi ko loma a hannun kowa ba, ya ga hannu ɗaya daga cikin biyun da aka ce masa ya yarda da su.

Ya ɗura masa nono, ya ɗura masa ruwan toka, ya yi ta kiran sunansa. Kafin rana ta take Tsinke ya miƙe a kan cinyarsa.

Danda ya saɓa shi a kafaɗa, ya ratsa gari da ɗingishinsa. Furera ta gan shi daga ƙofa ta kira shi yaya, bai tsaya ba. A ƙofar maigari dattawa na zaune a inuwa, Maharazu na tsakiya yana ba su labarin kekensa. Danda ya shimfiɗe karen a gindin fasasshen rumbun, ya cire hularsa ya rufe masa fuska, sannan ya juyo.

"Ranka shi daɗe, ran nan ka tambaye ni, na yi maka ƙarya," in ji shi. "Aiki ya yi."