Muzurun da Ya Saci Ruwa

Wata tara na yi ina haɗa fim ɗina na katun a tsohuwar kwamfutar da ba ta riƙe caji. Kullum ina shagon caji a Bunkure, kusa da janareta, mata na wucewa suna cewa, "Raliya, duk karatun naki a zanen mage ya ƙare?" Ni dai na ci gaba da zanena.

Dabbobin gida ne ke magana a fim ɗin. Akwai aku mai gulma, da zomo matsoraci, sai wani muzuru mai tumbi da ke jiran ranar kasuwa, in kowa ya tafi ya toshe hanyar ruwa ya karkatar da shi gonar tumatirin ubangidansa. Ƙawata Aziza kaɗai na tura wa. Kafin la'asar ya shiga kowace waya.

Washegari Baba Ɗanladi, shugaban manoman rani, ya aiko kirana, wai an kawo ƙarata. Babana ya ce in aka same ni da laifi, a gabansa zan goge fim ɗin, zane kuma ya ƙare. Muka tafi tare, kaina a sama.

Kawu Usaini muka tarar yana huci. "Ranka ya daɗe, ni yarinyar nan ta zana. Dubi tumbin."

"Kai kaɗai ke da tumbi?" in ji Malam Ibrahimu, maƙwabcin gonarsa. "Ni ne. Da buhun taki muzurun ya toshe ruwan. Wa ke haka in ba ni ba?"

"Buhun ai ni na koya maka," in ji Kawu Usaini.

Baba Ɗanladi ya gyara zama. "Madalla. Rani uku ke nan muna neman mai satar ruwan mutane ranar kasuwa. Wanda ya tabbata shi ne muzurun, ya matso."

Babu wanda ya motsa. Kawu Usaini ya ƙara leƙa wayar. "Da na duba sosai, tumbin bai kai nawa ba."

"Ni dama rakiya na yi," in ji Malam Ibrahimu, yana laluben takalminsa.

Baba Ɗanladi ya dube ni. "'Yar nan, wa kika zana?"

"Muzurunmu ne, Baba. Yana gida yana barci."

A hanyar gida ni da babana muka haye gadar kanal, babbar hanyar ruwan gonaki. Sannan ya miƙo min wayarsa.

"Sa min. Amma zomon nan ba ni ba ne ko?"