Kafinta da Farar Takarda

Shekara talatin da ɗaya rabon Kafinta da zama a aji. Tun ranar da mahaifinsa ya kwanta ciwo aka cire shi daga sakandare aka damƙa masa zarto, karatu ya bi ruwa. Sai bana jami'a ta buɗe ƙofa ga manya irinsa. Ba a neman takardar shaida, rubutun awa ɗaya ne kawai, wanda ya ci ya shiga, wanda ya faɗi sai baɗi in da rai. Shi kuwa ya san halinsa. In ya faɗi, kunya ba za ta bar shi ya sake dawowa ba.

Ranar rubutun da safe matarsa ta zare fensirin da ke maƙale a kunnensa. "Maigida, jami'a fa za ka, ba gyaran ƙofa ba." Ya yi dariya, ya kama hanya.

Zauren jarrabawar dogo ne, hasken hantsi na saukowa ta tagogin sama a hankali. A gefensa wata mai wankin asibiti, a gabansa wani direba da furfura ta cinye masa ƙeya. Malamar da ke tsaronsu, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ta ajiye wa kowa farar takarda guda. A kan allo an rubuta: Ba da labarin wurin da kake aiki.

To, abin nema ya samu. Ya lumshe ido, sai ga shagon ya taso masa gaba ɗaya: ƙamshin sabon katako, tukunyar gam a bayan ƙofa, garin katako yana yawo cikin haske ya rasa inda zai sauka. Daga nan bangon shagon ya ja da baya, rufin ya ɗaga, ya ga kansa a gaban faffaɗan tebur yana zana gidaje masu benaye, irin waɗanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kafa musu ƙofofi ba tare da an taɓa tambayarsa ra'ayi ba. Daɗi ya kama shi har yana murmushi shi kaɗai.

Sai dai kafinta ba ya ɗora zarto sai ya auna ya sake aunawa, domin katako in ka yanke shi ba ya komawa. Haka ya yi wa maganar. Ya auna jimlar farko a ransa, ta yi tsawo. Ya auna ta biyu, ta karkace. Biro na hannunsa, takarda na nan fes, agogo kuwa ba ruwansa.

"Baba, saura minti ashirin," in ji malamar a hankali, ta tsaya a kansa. "Ba ka rubuta komai ba. Ko tambayar ce ba ka gane ba?"

"Na gane, 'yata. Tsoro nake in ɓata takardar. Guda ɗaya ce aka ba ni."

Sai ta nuna masa teburinta, inda takardu ke jibge har sun kusa kamu guda.

"Ɓata ta, Baba. Akwai wata."

Ya bi hannunta da kallo. Shi a saninsa abin da ya ɓaci ya ɓaci ke nan, tun yana ɗan shekara sha shida.

"Da ma ana ba mutum wata?"

"Ana bayarwa."

Ya ɗora biro. Layin farko ya fito a karkace, na biyu ya fi shi muni, a na uku ya soke kalma har takardar ta huje. Ya zuba wa hujin ido, ya ga duniya ba ta tashi ba. Sai ya ɗaga hannu sama, a gaban kowa.

"'Yata, ƙaro mini wata."