Ranar da Aka Bar wa Baƙuwa Mota

Mutanen da wannan labari ya shafa su huɗu ne: Malam Yahuza, direban motar Hukumar Sufuri ta Yankin Tsakiya, mai zirga-zirga tsakanin Dutse da ƙauyen Rijiyar Kanya, Madam Liyatu, ma'aikaciyar sashen kuɗi na hukumar, wadda take zaune a unguwar Takur a Dutse, Maigari Abdulbaƙi na Rijiyar Kanya, sai Gwaggo Safiyatu mai daddawa.

Malam Yahuza yana karya kan mota zuwa gindin kanyar da yake lodi, sai ya tarar da abin da bai zata ba. An share filin fes, an yayyafa ruwa, amma babu fasinja, babu ko buhu ɗaya. Ga shi ranar kasuwa ce, ranar da sai ya yi faɗa kafin ƙofa ta rufu.

Tun da mai ya yi tsada, tallafin da hukumar take samu ya daina isarta. Aka yanke cewa duk hanyar da motarta ba ta cika, za a janye motar. Shi ya sa aka turo Madam Liyatu, wadda take zaune a gefensa yanzu, ta gani da idonta. In aka janye, mutanen ƙauyen sai acaɓa mai tsada, shi kuwa sai zaman benci a gareji. Jiya ya shaida wa Maigari cewa babbar baƙuwa za ta zo daga ofis, amma ya ɓoye dalili don kada hankalin jama'a ya tashi.

Maigari ya fito cikin babbar riga, dattawa na biye da shi. Aka gaisa, aka kawo wa baƙuwa fura da nono. Sannan ya ja Malam Yahuza gefe, fuskarsa cike da fara'a.

"Ka ga aiki? Na sa an yi shela jiya: yau mota ta baƙuwa ce. Ba akuya, ba kaza, ba kowa. Tun da sassafe jama'a suka kama hanya da ƙafa. Kada a je Dutse a ce ba mu san darajar baƙo ba."

"Ranka ya daɗe, an kyauta," in ji Malam Yahuza. Ba ya iya musa wa Maigari a gaban dattawansa. Kuma in ya yi wa Madam bayani da bakinsa, sai ta ɗauka kare abincinsa yake yi.

Suka juyo, kujeru sai iska. Madam Liyatu ta waiwaya ta dubi bayan motar, ta yi ajiyar zuciya.

"Malam Yahuza, ka ce mini yau ce ranar cikowa."

"Haka na ce, Madam."

Sun wuce gonakin gero kenan sai ga jama'a a jere bakin hanya, masu buhu a ka, masu jan awaki, mata da goyo. Da suka ji ƙarar mota sai suka ratse cikin ciyawa, suna ɗaga hannu suna murmushi. Mutum ɗaya ce ba ta ratse ba. Gwaggo Safiyatu ta tsaya a tsakiyar hanya, ƙwarya a ka, tana nuna motar da sandarta. Dole ya taka burki.

"Angona!" ta kira shi da sunan wasan da ta saba. "Ka yi baƙuwa ka manta da ni? To, ƙafata ta ce ba ta ji shela ba."

Madam Liyatu ta leƙo ta taga. "Sannu, Mama. Wace shela?"

"Taki mana, 'yata. An ce kada mu shiga, wai warin daddawata zai kama miki kaya."

"Duk mutanen nan fasinjojin motar nan ne?"

"To na wa? Jirgi muke da shi?"

Madam Liyatu ta dubi Malam Yahuza, shi kuwa ya dubi sitiyari. Sai ta fashe da dariya, har da hawaye, tana dukan cinya.

"Mama, kun kusa kashe motarku da karamci! An aiko ni ne in ga ko tana cika. Da na isa Dutse haka, da an ɗauke ta."

Gwaggo Safiyatu ta yi salati, ta juya ta ɗaga murya: "Jama'a, ku taho! Baƙuwar cunkoso take so!"

Nan take hanya ta kaure. Aka ɗaure buhuna a sama, aka cusa awaki ƙarƙashin kujeru. Madam Liyatu ta karɓi tikiti daga hannun direba, tana yanka da kanta, tana cewa kowa ya biya, domin motar da kuɗin nan take shan mai. Wani mai rago ya nemi ragi, ta ce ragon ma ya gode da ba a yanka masa nasa ba. Kujerar gaba kuwa, su biyu suka raba da Gwaggo, ƙwaryar daddawa a cinyar baƙuwa. Duk da haka rabin jama'a suna ƙasa, sai da Malam Yahuza ya yi alkawarin dawowa sahu na biyu.

A tashar Dutse, Madam Liyatu ta sauko tana kakkaɓe gashin akuya daga zanenta.

"Kuɗin ƙaro muku mota ba mu da shi, kada in yi maka ƙarya," ta ce. "Amma wannan ba mai taɓa ta."

Bai gama godiya ba wayarsa ta yi ƙara. Maigari ne.

"Yahuza, ina fata baƙuwa ta miƙe ƙafa yadda take so? Ba wanda ya dame ta?"

Malam Yahuza ya dubi Madam, wadda take ta ciniki da Gwaggo a kan daddawa.

"Ranka ya daɗe, ta ce ba ta taɓa jin daɗin tafiya irin ta yau ba."

"Madalla," in ji Maigari. "In za ta sake zuwa, ka gaya mini da wuri, a sake yin shela."

Nan labarin ya tsaya. Da girmana na koyi riƙon alƙalami, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a ciki, ina roƙonsa ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri.