Yatsan Baba Mai Bulo

"Ku ɗaga shi, abin yana ƙarƙashin gadon," in ji jikan mai gidan.

Shigowata ke nan da ruwan zafi na tarar leburori biyu sun ciccibi katifa, Baba Mai Bulo yana kwance a kanta. Akwatin ƙarfen da ya buga bulon gidan da shi suke nema, za a sa a gilashi.

Gidan yana jikin nawa. Ba fenti, ba filasta, bulo ne zalla, kowanne da zanen murabba'i a cikin murabba'i, wasu da huda don haske. Baba ne ya buga su ɗaya bayan ɗaya shekara sittin da suka wuce, sannan aka bar masa ɗakin baya yana gadi. Yanzu gidan ya zama na tarihi, washegari za a buɗe wa baƙi.

"Ranka ya daɗe, a bi shi a hankali," na ce. "Ba shi da lafiya."

"Malam, nan ba aji ba ne. Bari sai an tambaye ka."

Da aka sauke shi, Baba ya ce wa jikan, "Ɗana, ɗauki akwatin. Abu ɗaya nake roƙo. Allon da ke ƙofa, a sa sunana ko a ƙarƙashin na mai zanen gidan."

"Haba Baba! In girki ya yi daɗi, ludayi ake yaba wa? Ina ma shaidar?"

"Tana bayan kowane bulo. Kafin ya bushe nake danna babban yatsana."

"To, sai mu rushe gidan mu duba."

Leburorin suka kwashe da dariya. Tari ya sarƙe Baba. Jikan ya saurara, ya dubi bangon, ya sa aka toshe hudojin da takardar siminti kada baƙi su ji tarin. Zanen rana da ke sauka a kan bargon Baba kowace hantsi ya ɗauke.

Washegari ina riƙe da hannun Baba, 'yarsa tana masa fifita, muka ji tafi daga falo.

"Malam, sun karanta allon?"

"Suna karantawa, Baba."

"Ka ji sunana?"

Shekara talatin ina hana yara ƙarya. Na ƙara riƙe hannunsa. Ya juya fuska bango, bai sake magana ba.

'Yarsa ta je ta faɗa wa jikan cewa Baba ya rasu. Ya ce a jira baƙi su watse, kuma a fita da gawar ta ƙofar baya.

Bayan sati guda masu gyara suka kwashe bulon gidan da suka lalace, suka jera su a ramin da ke tsakiyar layinmu, fuska ƙasa. Aka yi ruwa. Da zan tafi makaranta na tsaya a kansu. Kowanne da ɗan lotsin yatsa a kusurwa, cike da ruwa. Wata mota ta yi mini hon, na matsa gefe, ta bi ta kai.